Filasma ko zarto: wanne ya dace da yankan korniyer a atalye na Yamai?

Duk wanda ya ratsa layin masu walda a Katako da hantsi ya san ƙarar nan ta faifan yanka yana kuka a jikin ƙarfe, tartsatsi na tashi har bakin hanya. Mafi yawan abin da ake datsewa a wurin korniyer ne, wato ƙarfen nan mai fiffike biyu da ya yi kwana, wanda da shi ake haɗa firam ɗin ƙofa da taga, ƙafar tankin ruwa, gado, rumfa, da mazaunin faifan sola da yanzu ya zama ruwan dare. A ƴan shekarun nan injin filasma, mai yanka ƙarfe da wutar lantarki da matsattsiyar iska, ya shigo shagunan kayan aiki, ɗan ƙarami, marar nauyi, an rubuta masa CUT-40 ko CUT-50 a gefe, masu atalye kuma na ta tambaya ko lokaci ya yi da za a jingine zarto. Idan aikin shi ne datse korniyer zuwa tsayin da ake so, zarto ya fi filasma, kuma ba da ɗan kaɗan ba. Filasma tana da fagenta, sai dai ba nan ba ne.

Dalilin yana cikin siffar ƙarfen kansa. Ɗauki korniyer mai 40 x 40 x 4, wanda ya fi tafiya a aikin ƙofofi. Kowane fiffike kaurinsa milimita 4 ne, amma a gwiwa, inda fiffiken biyu suka haɗu, akwai cikon ƙarfe ta ciki. Idan aka auna daga tsinin waje zuwa lungun ciki, sai a samu kusan milimita 8, ninki biyu ke nan. A mai 50 x 50 x 5 wurin yana kai milimita 10. Filasma kuwa abin da take so shi ne shimfiɗaɗɗen ƙarfe mai kauri ɗaya, a riƙe bakin toci, wato kan da wutar yankan ke fita, a tazara ɗaya, a ja shi da gudu ɗaya. Korniyer ya saɓa duk waɗannan. Kan tocin ba ya shiga lungun ciki, don haka daga waje ake yanka, fiffike ɗaya, a juya sanda ko a juya hannu, sannan ɗayan. Gudun da ya ishi milimita 4 ba ya huda gwiwa. Idan mai yanka bai sassauta ba, wutar ba ta ɓulla ta ƙasa, narkakken ƙarfe ya dawo sama ya maƙale a bakin toci, baki ya lalace tun bai yi aikin kuɗinsa ba. Idan kuma ya sassauta fiye da kima, wurin ya yi faɗi kamar ɓera ya gaigaya. Kuma da wuya yanka biyun su haɗu a layi ɗaya ba tare da ɗan tudu ba.

Akwai kuma abin da masu sayarwa ba su cika faɗa ba: yankan filasma ta hannu ba ya sauka a miƙe. Bakin yankan yana da ɗan gangare, digiri 3 zuwa 6 ko fiye idan kayan tocin sun gaji. Iskar da ke fita daga bakin tana juyawa ne kamar guguwa, shi ya sa gefe ɗaya ya fi ɗayan miƙewa. A yawancin toci, gefen dama ne mai kyau idan ana tura shi gaba daga jikin mai yanka, saboda haka guntun da ake so a bar shi dama, tarkacen hagu. Bayan haka, iskar da muke shaƙa galibinta naitirojin ne, kuma da zafin filasma yana shiga fatar yankan ya taurara ta. Idan aka yi walda a kai ba a gurje ba, waldar na iya yin ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, musamman da injin walda mai waya. Da sandar walda, wato baget, mai lamba 6013 abin ya fi sauƙi, amma duk da haka a gurje har ƙarfe ya yi fari. Wanda ya taɓa ƙoƙarin faɗaɗa ramin da filasma ta huda da bakin injin huda ya san taurin da ake magana: baki ya yi ja, ya dakushe, rami na nan yadda yake.

To a lissafa aikin datsa ɗaya. Da filasma: a ja layi a fiffike biyu da ekar, wato ma'aunin kusurwa, a ɗaure majingina, a yanka, a kwance, a sake ɗaurewa a ɗaya gefen, a yanka, a kakkaɓe kashin ƙarfe, wato narkakken da ya daskare a bakin yankan, a gurje. Da zarton teburi: a saita matsaya sau ɗaya a ƙarshen tsayin da ake so, a tura sanda ta doke ta, a matse, a sauke. Guntu arba'in duk tsayi ɗaya, ko yaron shago ne ke yi. A aikin tagogin makaranta ko mazaunin sola na gida goma, a nan kwanaki ke shiga ko su fita.

Inda bambancin ya fi ciwo shi ne yankan digiri 45 na kusurwar firam. Tsayin wannan yankan a fiffike mai milimita 40 ya kai milimita 56 da ɗoriya. Idan kowane gefe ya kauce da digiri 1 kawai, haɗin ya kauce da digiri 2, wato ko dai a samu giɓin kusan milimita 2 a baki ɗaya, ko kuma, idan aka matse giɓin, ƙafar ƙofa mai mita 2 ta karkace da santimita 7 a ƙarshenta. Giɓin ana cike shi da walda, amma walda mai yawa tana jan ƙarfe idan ta huce, firam ya murɗe. Ƙofa mai mita 2 da faɗin santimita 90, daga kusurwa zuwa kusurwa ta gicciye mita 2 da milimita 193 ne, kuma dole gicciye biyun su zo ɗaya kafin a gama walda. Da filasma ta hannu, sai an sha gurza kafin a kai nan.

Sai dai zarto suna ne na abubuwa da yawa, kuma ba duka ne suka cancanci yabon ba.

Wanda ya fi yawa a garin nan shi ne na teburi mai faifan yashi na milimita 355. Makita 2414NB, mai wat 2,000, da Bosch GCO 14-24 J, mai wat 2,400, duk suna juyi 3,800 a minti, kuma samfuran Sin da suka cika kasuwa a kan wannan tsarin aka ƙera su. Faifan kaurinsa milimita 3 ne, ramin tsakiyarsa 25.4. Ba yanka yake yi da haƙori ba, gurzawa yake har ya ratsa, shi ya sa zafi, tartsatsi da geza a bakin ƙarfe. Amfaninsa a fili yake: faifan na da araha, ana samunsa ko'ina daga Katako har Wadata, ba ruwansa da tsatsa ko fenti ko tsohuwar walda, kuma idan injin ya tsaya galibi gawayinsa ne ya cinye, kowane mai gyara zai canja shi.

Aibinsa babba shi ne faifan yana lanƙwasa. Idan aka danna da ƙarfi, sai ya gudu gefe, sama ta yi daidai, ƙasa ta kauce da milimita ɗaya ko biyu. Maganin yana cikin yadda ake kwantar da korniyer. A yankan miƙe, a kifa shi kamar jinkar ɗaki, gwiwa a sama, bakin fiffike biyu a ƙasa, a matse sosai. Ta haka faifan na cin siririn wuri daga farko har ƙarshe. Idan aka shimfiɗa fiffike ɗaya a kwance, faifan na sauka a kan faɗin milimita 40 gaba ɗaya, sai ya yi zafi, fuskarsa ta yi santsi kamar gilashi, ya daina ci, mai aiki ya ƙara dannawa, injin ya fara warin ƙuna. A yankan 45 babu makawa sai an shimfiɗa fiffike ɗaya, to a jingina na tsaye da bangon mamatsi, a sauke a hankali, a riƙa ɗan ɗagawa ana barin injin ya maido da gudunsa. Kada a yarda da lambobin digiri da aka buga a jikin teburin. A saita da ekar, a gwada a guntu biyu na banza, a haɗa su a gani.

A kuma tuna da abin da faifan ke ci. Sanda mai mita 6 ba ta ba da guntu goma sha biyu na santimita 50: yanka goma sha ɗaya sun cinye milimita 33, na ƙarshe zai fito gajere. Wasu sandunan ma tun daga shago ba su cika mita 6 ba, kuma abin da ake kira mai 4 wani lokaci da kyar ya wuce 3. Mai 40 x 40 x 4 na gaske nauyinsa kilo 2.42 ne a mita, sanda guda wajen kilo 14 da rabi. Sikeli ya fi bakin mai shago gaskiya.

Faifan yashi yana da wa'adi, abin da mutane da yawa ba su kula da shi. A zoben ƙarfen tsakiya ana buga wata da shekara, kamar V 04/2027, shekara uku daga ƙira. Ƙaron da ya riƙe yashin yana lalacewa da daɗewa, da laima, da kuma zafin rumfar kwano. Kuma a bar ɗabi'ar nan ta ɗaukar ragowar babban faifai a ɗora wa injin gurza na hannu. Ramin na hannu 22.23 ne, ba 25.4 ba, faifan ba zai zauna a tsakiya ba, kuma ba a yi shi don jure murɗar hannu ba. Mafi muni shi ne cire kariya a ɗora faifan milimita 230, wanda iyakarsa juyi 6,600, a ƙaramin inji mai juyi 11,000. Idan ya tarwatse, fuska da wuya yake nema.

Na biyu shi ne zarto mai haƙoran kabaid, wanda a ido ya yi kama da na farko amma a hankali yake juyi. Makita LC1230, mai ruwa, wato faifan haƙoran, na milimita 305, juyi 1,300 yake yi a minti. Wannan yanka yake yi na gaske, yana zubar da ɓarɓashin ƙarfe. Guntun na fita da sanyinsa, a ɗauka da hannu, baki a miƙe, geza kaɗan, tartsatsi kaɗan, kuma ruwan ba ya lanƙwasa balle ya ƙanƙance. A yankan 45 babu kamarsa cikin injinan da ƙaramin atalye zai iya saye. Matsalarsa ruwan: kuɗinsa ya ninka na faifan yashi sau da yawa, ba a kowane shago ake samunsa ba, kuma kuskure ɗaya na iya kakkarya haƙora. Ƙarfen da bai matsu ba ya motsa, ko sifirin ɗin mota, ko tsohuwar walda, ko a buga ruwan a ƙarfe kafin ya kai gudu, duk suna kashe shi. Atalyen da ke aiki da sabon ƙarfe, maigida na tsaye a kan injin, zai ci ribarsa. Wanda rabin kayansa tsofaffin ƙarafa ne na kwance, yara na karɓa-karɓa, gara ya tsaya a faifan yashi. Kuma kada a kuskura a sayi ruwan kabaid a ɗaura wa injin faifan yashi don ramin ya zo ɗaya. Juyi 3,800 ya ninka abin da aka yi shi dominsa fiye da sau biyu.

Injin gurza na hannu da siririn faifai na milimita 1 ko 1.6 shi ne abokin tafiya wurin gini, yankansa kuwa gwargwadon hannun mai shi. Zarton hannu mai ruwan milimita 300 har yanzu yana da ranarsa, ranar da aka ɗauke wuta. A sa ruwa mai haƙori 24 a inci, haƙoran na kallon gaba.

Yanzu a ba filasma haƙƙinta, don tana da shi. Duk yankan da ba datsa ba ne, nata ne. Cire ɗan murabba'i daga fiffike ɗaya don wani korniyer ya zauna a ciki, fitar da bakin V mai digiri 90 don a lanƙwasa sanda ta zama kusurwa ba tare da an raba ta ba, tsaga doguwar kafa ta ƙusa mai daidaita karkatar faifan sola, rage faɗin fiffike a tsawonsa, duk waɗannan zarton teburi ba ya yin su, injin hannu kuma sai da wahala. Ga tol, wato fallen ƙarfe, na ƙofar gida da ake yi wa zane, ga farantin milimita 8 ko 10 na gindin ginshiƙi, ga kwance tsohuwar rumfa a sama inda faifai zai maƙale ya yi harbi. Tana yanka baƙin ƙarfe, da wanda ba ya tsatsa, da sanholo, abin da wutar gas ba ta iyawa a biyun ƙarshe. Kuma ba ta ture ƙarfe, don haka ba sai an matse shi da ƙarfi ba. Atalyen da ke yin ƙofofi masu ado zai ga amfaninta cikin mako.

Abin da ya kamata mai saye ya sani shi ne kuɗin da ke jikin injin ba shi ne kuɗin filasma ba. Iska take ci. Ƙaramin toci irin PT-31 na son matsin bar 4 zuwa 5 da iska fiye da lita 100 a minti, ba yankewa. Kompiresa mai doki 2 da tankin lita 50, ko da an rubuta masa lita 200, wannan abin da yake zuƙa ne, abin da yake bayarwa ya yi ƙasa sosai. Zai ɗauki gajerun yanka, amma a dogon layi matsin zai faɗi, wuta ta fara tsinkewa. Mai doki 3 da tankin lita 100 ya fi kwanciyar hankali. A saita matsin lokacin da iska ke fita, ba lokacin da take tsaye ba. Kuma iskar ta zama busasshiya, marar mai. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, tankin na tara ruwa kullum. A buɗe ƙasansa kowace safiya, a sa matatar ruwa kusa da injin, ba kusa da kompiresa ba, domin a cikin tiyo ne iskar ke hucewa ta zubar da ruwanta. Ɗigon ruwa a toci na sa wuta ta yi tari, ya ƙone ƙwayar cikin tocin da ke tayar da wutar cikin ƴan mintuna, sai a ɗora laifin a kan mai shago.

Sai wuta. CUT-40 a cikakken ƙarfinsa na jan wajen kVA 5 zuwa 6 a volt 220, ga kompiresa da kilowat 1.5 zuwa 2.2 a gefe, wanda ke tashi ba sallama a tsakiyar yanka. Ƙaramar konta ba ta ɗaukar su biyun, dizhontar, maɓallin da ke katse wuta idan lodi ya yi yawa, zai yi ta faɗuwa. Da gurup, a nemi mai kVA 8 zuwa 10 mai daidaita volt, domin waɗannan injinan na lantarki ba su jure hawa da saukar wuta. Waya ta zama mai murabba'in milimita 4, gajera, a warware ta daga kan nadi. Zarton teburi kuwa gurup mai kVA 5 da waya mai 2.5 sun ishe shi. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da wuta ke rauni da rana tsaka, wannan bambancin shi ne tsakanin a yi aiki da a zauna a sha shayi.

Zafi da ƙura su ma suna da nasu. Idan an rubuta kashi 60 cikin 100 a jikin injin, ma'anarsa minti 6 na yanka cikin kowane 10, sauran 4 hutu, kuma ƙa'idar awon a zafin digiri 40 ne. A ƙarƙashin kwano a Yamai da bazara an wuce nan, don haka fitilar zafi za ta kama da wuri. Idan ta kama, a bar injin a kunne fanka ta huce shi, kada a kashe. Ƙurar hunturu na toshe hanyar iska, amma wadda ke kisa ita ce ƙurar gurza, domin garin ƙarfe ne, yana ɗaukar wuta, fanka na zuƙe shi ya kwanta a kan allon ciki. A ajiye injin nesa da inda ake gurza, a ɗaga shi daga ƙasa, a cire shi daga wuta a hure cikinsa da busasshiyar iska a kai a kai.

Ga wanda zai yanka korniyer da filasma duk da haka, saboda ita ce a hannu: amper 30 ya ishi milimita 4, 35 zuwa 40 ga milimita 5. A maƙala mas, wato wayar injin mai ɗan mamatsi, a kan ƙarfen kansa, a wurin da aka kankare tsatsa. A auna tazarar tsakiyar baki zuwa gefen kan toci sau ɗaya, a yanka ɗan guntun korniyer ya zama majingina mai hawa fiffike biyu lokaci guda, wannan na rage tudun gwiwa. A fara daga bakin fiffike a nufi gwiwa, a sassauta a santimita ta ƙarshe, a ɗan karkata tocin ya shiga cikon. Tartsatsin ya riƙa fita ta ƙasa yana ɗan ja baya. Kashi mai kumfa da ke faɗuwa da bugu ɗaya alamar an yi jinkiri ne, siriri mai taurin kai kuma alamar an yi sauri ko an ɗaga toci. Bayan an saki maɓalli a bar iskar ta gama fita, ita ke huce kan. Ƙwayar ciki na da ɗan ɗigon hafniyom a tsakiya, idan raminsa ya kai milimita 1 zuwa 1.5 a canja, tare da bakin, kada a jira ta fashe ta tafi da tocin. Kafin a biya kuɗin inji, a tambayi sunan tocinsa, a zaga a tabbatar ana sayar da kayansa a gari. PT-31 da P-80 sun fi samuwa. Inji mai baƙon toci, ranar da kayan kwalinsa suka ƙare ya zama kujera.

Tabarau baƙi na kasuwa ba kariya ba ne, ana son gilashi mai lamba 5 har zuwa amper 40, lamba 6 zuwa amper 60. Wutar da ke bakin tocin ta haura volt 200, ba a canja kayansa sai an kashe. Korniyer mai rufin zinki, irin na mazaunin sola da ƙafar tanki, hayaƙinsa na kawo zazzaɓi da dare, a yanka shi a fili iska na kaɗawa. Durom ɗin da ya taɓa ɗaukar esansi ko gazuwal kuwa ba a kusantarsa da filasma ko faifai, ko da ya shekara a bushe.

Mai buɗe sabon atalye da kuɗin inji ɗaya, ya sayi zarton teburi mai faifan yashi, ya zaɓi mai gindin ƙarfe mai nauyi da mamatsi da ba ya rawa. Ya kama hannun injin ya girgiza shi gefe da gefe tun a shago, idan akwai wasa a maƙogwaron da hannun ke juyawa a kai, yankan ba zai taɓa miƙewa ba. Wanda odarsa ta firam ta yi yawa, ƙarfensa sabo, ya ƙara da na kabaid ya kulle shi a ɗaki. Filasma ta zo ta uku, ranar da aikin tol da faranti ya fara fin na datsa yawa, kuma a sayi kompiresa da matatar ruwa a rana ɗaya da ita.